Yadda Ake Koya wa 'Yan Firamare Hawan Keke a Kan Titi

Yaron Ƙaraye ko na Rogo tun ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi ba yake zura ta ƙarƙashin ƙarfe, ya tuƙa keken babansa har gona. Hawa kam ya iya. Abin da ya rage masa shi ne tafiya tare da motoci a kan kwalta, kuma malamin firamare zai iya koyar da wannan a filin makaranta.

Da keken ake farawa. A gayyato mai gyaran keke na gari ya duba birki, iskar taya, kaca da ƙararrawa a gaban yara, kowa ya matsa birkin da hannunsa. Keken da ake tsayarwa da jan silifas a ƙasa a jingine shi sai an gyara.

Daga nan a zana titi da toka, da mararraba da kwana. A nan za a daɗe. Tun 1972 hannun dama ake bi a Najeriya, mai keke ma haka, amma yara da yawa gefen da ya fi musu kusa suke bi. A koya musu waiwaye ba tare da kan keken ya karkace ba, da miƙa hannu kafin shan kwana, da tsayawa cak a mararraba. Wasu su zama motar kayan gona, wani ɗan acaɓa, wani akuyar da ta faɗo titi ba sallama. Goyon mutum biyu a hana. A ɗaure ƙafar wando, a tattare hijabi kada kaca ta kama.

Kekuna ba sa isa, don haka a raba aji: masu jiran layi su yi langa, tsere ko ƙwallo, sai a yi musanya.

Hular kwano tana da tsada ga talaka. Ko kaɗan aka samu a riƙa karɓa-karɓa. Shugaban makaranta kuma ya nemi jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, don suna kafa ƙungiyoyin kiyaye haɗari a makarantu.

Sai yaro ya ƙware a fili za a fita da shi titi, da safe, a jere, malami ɗaya gaba ɗaya baya, da izinin iyaye.