Shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa ga yara: yaushe za a damu?

Uwa, kada hankalinki ya tashi in kin ga tafin ƙafar ɗanki ya kwanta ƙasa gaba ɗaya, babu rami a tsakiyarsa. Haka ake haihuwar jarirai: kitse ne ya cike gurbin. Ramin yakan bayyana sannu a hankali, galibi wajen shekara 6.

Ki sa yaron ya yi ɗage bisa yatsunsa. In ramin ya fito, kuma ba ya kukan ciwo, ba ya buƙatar magani. Matashin roba da ake sawa cikin takalmi ba ya gina rami. Iyakarsa ya rage ciwo ga wanda tafiya ke wahalarwa. Kuɗinsa gara su tafi ga nono, ƙwai da wake. Tafiya ba takalmi a wuri mai tsabta tana ƙarfafa ƙafa.

A kai shi likita in ƙafar ta sandare, ko ɗaya ce kawai ta shimfiɗe, ko yana ɗingishi.

Masu wayar da kai, ku kula da wani abu da ya fi wannan haɗari, wato kumburi, domin shi ma yakan ɓoye ramin. Ku danna bayan ƙafafun biyu da babban yatsa har daƙiƙa 3. In gurbin yatsa ya tsaya a duka biyun, tamowa ce mai tsanani, ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. A tura shi cibiyar lafiya a ranar, kada a kwana.