Busar da Iri da Hasken da Ido Ba Ya Gani

Jama'a, duk mai jin ɗumi da hunturu ya san zafin garwashi kan iso fuska tun daga nesa. Abin da ke ɗauko zafin nan wani haske ne da ido ba ya gani, masana na ce masa infirared. Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya gano shi a 1800. Ya rarraba hasken rana launi-launi, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda ba a ganin komai, sai ga ma'auni ya hau.

Yau har da wannan haske ake busar da amfanin gona. Akan baza hatsi a kan bel mai tafiya, fitilu na gasa shi daga sama, fanka na kwashe tururin. Hasken na ɗumama ƙwayar kai tsaye, shi ya sa aikin ke sauri. Amma ku lura, ba ya ratsawa ciki sosai. In aka tula hatsin, na sama ya ƙone, na ƙasa na nan da laimarsa.

To, wannan rashin ratsawar ne ya sa ya dace da irin da aka shafa wa magani. Kamfanin iri kan dama maganin ƙwari da na funfuna da ruwa, ya sa launi don kada wani ya ci, sannan ya lulluɓe ƙwayar. In aka ɗura a buhu da danshi sai ya dunƙule, wani ma ya ruɓe. Bayan ƙwayar ake so ya bushe, cikinta kuwa kada ya dahu, domin iri abu ne mai rai. Irin masara ba a son zafinsa ya haura digiri 43. In ya haura da yawa, ga ƙwaya kyakkyawa a ido, a shuka ta ƙi fitowa.

Hatsin ci ya fi jure zafi. Abin nema a nan, laimar masara ta sauko wajen kashi 13 cikin 100 kafin a kai rumbu. Kada a raina wannan: a 2004 gubar funfunar masara ta kashe mutum 125 a Kenya.

Injin busarwa da infirared dai akwai tsada, ga cin lantarki ko gas. A ganina na kamfanonin iri ne da ƙungiyoyin manoma, musamman masu girbi ruwa bai ɗauke ba. Mai 'yan buhuna kaɗan rana ta ishe shi, muddin a kan tamfol zai yi shanya, ba a gefen titi ba, yana yi yana juyawa.