Riba a Takarda, Kuɗi a Hannu: Yadda Ake Karanta Shige da Ficen Kuɗin Kamfanin Ba da Rance

A safiyar Juma'a, 14 ga watan Satumba na shekarar 2007, mutanen Birtaniya sun wayi gari da abin da aka shafe fiye da shekara 100 ba a ga irinsa ba a ƙasar, wato dogayen layuka a ƙofar rassan wani banki, kowa yana neman a ba shi ajiyarsa. Sunan bankin Northern Rock, hedikwatarsa tana birnin Newcastle a arewa maso gabashin Ingila, babbar sana'arsa kuwa ita ce ba da rancen sayen gida. An ƙiyasta cewa a wannan rana kaɗai an cire kimanin fam biliyan 1. Abin mamakin shi ne, ƙasa da wata biyu kafin nan bankin ya ba da sanarwar cewa ya ci ribar kusan fam miliyan 300 a watanni shidan farko na shekarar, kuma mafi yawan waɗanda ya bai wa rance suna biya a kan kari. To, ta yaya mai cin riba zai rasa kuɗin biyan mutane?

Amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin riba da tsabar kuɗi. Ɗalibin ilmin halitta ya riga ya san makamancin wannan bambanci. Jikin babban mutum yana ɗauke da jini kimanin lita 5, zuciya kuma tana tura kusan lita 5 ɗin a kowane minti ɗaya idan mutum yana hutawa. Yawan jinin abu ɗaya ne, kewayawarsa kuma wani abu ne dabam. Idan kewayawar ta tsaya na 'yan mintoci, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa za su fara mutuwa alhali ko ɗigon jini bai zuba ba. Haka kamfani yake: yana iya mallakar dukiya mai yawa, amma idan kuɗi ya daina kewayawa a ranar da ake bukatarsa, sai ya durƙushe.

Kashi uku na bayanin kuɗi

Domin a riƙa ganin wannan kewayawa ne aka wajabta wa kamfanoni su fitar da bayanin shige da ficen kuɗi a cikin rahotonsu na shekara. Amurka ta kafa wannan doka a 1987. Ƙa'ida ta 7 daga cikin ƙa'idojin akanta na ƙasa da ƙasa, wadda aka sabunta a 1992 ta fara aiki a 1994, ita ce ke tafiyar da al'amarin a ƙasashe masu yawa, ciki har da Nijeriya, wadda manyan kamfanoninta suka koma bin waɗannan ƙa'idoji daga 2012.

Bayanin ya kasu kashi uku. Na farko shi ne kuɗin aikin yau da kullum, wato abin da ya shigo ko ya fita ta hanyar ainihin sana'ar kamfanin. Na biyu kuɗin sayen kadara mai daɗewa ko sayar da ita, kamar gini da mota. Na uku kuma kuɗin da kamfanin ya samo daga masu hannun jari ko ya ranto, da wanda ya mayar musu. Kashi na farko shi ne abin nazari a nan.

Ga kamfanin da ke yin sabulu ko siminti, karatun wannan kashi ba shi da wuya. Idan abin da ya shigo ya fi abin da ya fita, alama ce ta lafiya. Idan aka jera shekaru ana samun giɓi, akwai matsala. Amma kamfanin ba da rance hajarsa ita ce kuɗin kansa. Abin da ke kan kantarsa kuɗi ne, abin da yake sayarwa kuma amfani da kuɗin ne na wani lokaci. Saboda haka ƙa'ida ta 7 ta ce rancen da irin wannan kamfani ya bayar galibi a cikin aikin yau da kullum ake lissafa shi. Wannan hukunci guda shi ne ke juya ma'anar lambobin, har ya rikitar da wanda bai saba ba.

Misali da lambobi

A ɗauka akwai wani kamfani da ke ba ƙananan 'yan kasuwa rance. A cikin shekara guda, kuɗin ruwan da ya cancanci karɓa daga masu bashi ya kai Naira miliyan 150. Ya biya albashi da hayar ofis da sauran ɗawainiya miliyan 60, ya kuma biya waɗanda shi ma ya ranta a wurinsu kuɗin ruwa miliyan 30. Akantansa ya ware miliyan 20 a matsayin tanadi saboda bashin da ake tsoron ba zai biyu ba, sannan ya rage miliyan 5 saboda tsufan motoci da na'urori. Idan aka ajiye zancen haraji a gefe domin sauƙin lissafi, ribar shekarar ita ce miliyan 35.

Daga nan sai a tambaya, nawa ne ya shiga akwati? Akanta yakan fara da ribar, ya yi mata gyara. Miliyan 20 na tanadi da miliyan 5 na tsufan kaya rubutu ne kawai a littafi, ba wanda aka miƙa wa su, don haka sai a mayar da su: 35 da 25 sun zama 60. Sa'an nan, daga cikin miliyan 150 na kuɗin ruwa, miliyan 130 kaɗai aka karɓa a hannu, sauran 20 ɗin suna wuyan mutane. Sai a cire su, saura miliyan 40. Wanda ya bi ta gajeriyar hanya ma nan zai iso: an karɓi 130, an biya 60 da 30, saura 40. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan lamba da kyau, domin ita ce ainihin abin da sana'ar ta haifar.

Amma lissafin bai ƙare ba. A shekarar, kamfanin ya ba da sabon rance na miliyan 400, masu tsohon bashi kuma sun dawo da uwar kuɗi miliyan 250. Ke nan miliyan 150 sun fita fiye da abin da ya dawo. Idan aka haɗa da 40 ɗin can, kuɗin aikin yau da kullum ya tashi da giɓin miliyan 110. Ga kamfani mai ribar miliyan 35, ga kuma giɓin da ya ninka ribar fiye da sau uku.

Wannan giɓi shi kaɗai ba ya nuna ciwo. Yaro mai tasowa yana cin abinci mai gina jiki fiye da abin da jikinsa ke fitarwa, bambancin kuwa yana komawa tsoka da ƙashi. Kuɗin kamfanin nan ma bai ɓata ba, ya koma bashi ne a hannun mutane, wanda zai kawo kuɗin ruwa a baɗi. Duk kamfanin ba da rancen da ke bunƙasa da sauri kusan dole ne ya nuna irin wannan giɓi. Hasali ma, wanda ya daina ba da rance shi ne lambarsa za ta fi kyau a ido. Da a ce kamfanin ya ba da sabon rancen miliyan 50 kacal, 250 kuma suka dawo, da rarar miliyan 240 za a gani. Sai dai irin rarar dabbar da ke cin kitsen jikinta a lokacin fari ce. Tana samun ƙarfi na ɗan lokaci, amma ramewa take yi.

Yanzu a dubi wani kamfani na biyu, wanda shi ma ya rubuta kuɗin ruwa miliyan 150, ɗawainiyarsa kuma daidai da ta na farko. Shi miliyan 70 kaɗai ya iya karɓowa. Bayan ya biya 60 da 30, yana da giɓin miliyan 20 tun kafin ya ba kowa rance. Idan sabon rancen da ya bayar ya ɗara abin da ya dawo da miliyan 90, jimlar giɓinsa miliyan 110 ne, daidai da na kamfanin farko. Lamba ɗaya, amma na farko girma yake yi, na biyu kuwa jini yake zubarwa. Wanda ya tsaya ga jimla kawai ba zai taɓa rarrabe su ba.

Akwai wata dabara da kamfani irin na biyu kan yi don ɓoye halin da yake ciki. Idan mai bashi ya kasa biya, sai a ba shi sabon rance ya biya tsohon da shi. A littafi za a ga an biya bashi, an kuma ba da sabo, alhali an yi rufa-rufa ne kawai. Abin da ke tona asirin wannan shi ne a jera rahoton shekara uku ko huɗu, a kwatanta kuɗin ruwan da aka rubuta da wanda aka karɓa, a kuma duba ko yawan bashin yana hauhawa alhali masu cin bashin ba su ƙaru ba. Rahoton shekara ɗaya tamkar gwajin zafin jiki sau ɗaya ne, ba ya nuna ko zazzaɓin hawa yake ko sauka.

Wajibi ne kuma a lura da ƙa'idar da aka bi wajen rubuta rahoton. A tsarin Amurka, rancen da kamfani ya bayar da niyyar riƙewa har a gama biya, a kashi na biyu ake sa shi. Wanda aka bayar da niyyar sayar wa wani ne ke shiga kashi na farko. Da a can kamfanin misalin nan yake, da rarar miliyan 40 zai nuna maimakon giɓin 110, ba tare da ko kwabo ya canja wuri ba. Haka nan, bankin da ke karɓar ajiya yakan lissafa ƙaruwar ajiyar jama'a a kashi na farko a ƙarƙashin ƙa'ida ta 7, sai ta rufe masa giɓin. Su ma bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a Nijeriya a 2012, lissafin bai bar su ba. Idan banki ya sayi kaya ya sayar wa mutum a kan biya kaɗan-kaɗan, kuɗi ya fita yau, dawowarsa kuwa sai a hankali.

Wa ke cike giɓin?

Giɓin miliyan 110 ba ya zama a buɗe, dole wani ya cike shi. A misalin kamfanin farko, a ce ya ranto miliyan 100 daga wani banki, masu hannun jari suka ƙara miliyan 20, ya kuma sayi kwamfutoci na miliyan 8. Kuɗin da ke akwatinsa zai ƙaru da miliyan 2 a ƙarshen shekara, komai ya daidaita. Amma tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce, yaushe bankin zai nemi miliyan ɗarinsa? Idan rancen na shekara biyar ne, kamfanin kuma na wata shida yake bayarwa, ba fargaba. Idan kuwa na wata uku ne, shi kuma ya ba mutane na shekara biyu, to ransa yana hannun wani.

Nan ne Northern Rock ya faɗi. A 1997, lokacin da ya sauya daga ƙungiyar ajiya ta mambobi ya zama kamfanin hannun jari, dukiyarsa ba ta kai fam biliyan 20 ba. A ƙarshen 2006 ta haura biliyan 100. Ajiyar jama'a ba za ta iya ciyar da irin wannan girma ba, har ta kai ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da yake juyawa ba. Sauran yana samo su ne daga kasuwar manyan masu kuɗi: yana tattara basussukan gidaje ya sayar da su a matsayin takardun jari, yana kuma rantowa daga wasu bankuna na gajeren lokaci. Rancen gida kuwa yakan ɗauki shekara 25 kafin a gama biya. Muddin kasuwar tana buɗe, tsarin yana tafiya lami lafiya, domin da wa'adin wani rance ya cika sai a ranto wani a biya.

A ranar 9 ga Agusta 2007 kasuwar ta tsaya cik, saboda tsoron da rikicin rancen gidaje na Amurka ya jefa a zukatan bankuna. Kowa ya ƙi ranta wa ɗan'uwansa. Northern Rock ya rasa inda zai sabunta basussukansa, ya nemi agajin Babban Bankin Ingila. Da labarin ya fita a daren 13 ga Satumba, washegari masu ajiya suka yi layi. Abin lura a nan shi ne jerin abubuwan: manyan masu kuɗi ne suka fara janyewa, kusan mako biyar kafin talakawa su ji. Layin bai watse ba sai da gwamnati ta yi alkawari a ranar 17 ga Satumba cewa ta tsaya wa dukkan ajiyar da ke bankin. A watan Fabrairun 2008 gwamnatin ta karɓe shi gaba ɗaya, daga baya kuma aka sayar da ɓangarensa mai lafiya ga kamfanin Virgin Money, cinikin da aka kammala a farkon 2012.

Malamin lissafi ko na kasuwanci zai iya gwada ɗalibansa da lambobin kamfanin farko. A ce a shekara mai zuwa bankin da ya ba shi miliyan 100 ya ƙi sabuntawa, ya ce a biya shi duka, masu hannun jari kuma ba su ƙara komai ba. Idan sana'ar ta sake haifar da miliyan 40, uwar kuɗi miliyan 250 kuma ta dawo, nawa ne iyakar sabon rancen da kamfanin zai iya bayarwa ba tare da ya taɓa abin da ke akwatinsa ba? Bayan sun samo amsar, sai a nemi su lissafa kuɗin aikin yau da kullum na wannan shekara, su kwatanta shi da giɓin bara, su kuma faɗi wace shekara ce ta fi wa kamfanin daɗi.