Darasi: Tsare kasuwa da lakkol daga gobara

Lokacin ɗari ya zo, iska na busawa, zana da kara sun bushe. Wannan shi ne lokacin gobara.

A shekarar 1982 babbar kasuwar Yamai ta ƙone. Sai a 1987 aka buɗe sabuwa. A shekarar 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a Yamai cikin watan Afrilu, ta kuma kama wasu a Maraɗi cikin watan Nuwamba. Yara da yawa suka rasu.

Me ke kawo gobara?

Garwashin mai tuya da ba a kashe ba. Guntun sigari da aka jefar. Isansi cikin kwalba kusa da murhu. Wayar kuran da ta tsufa, ko wadda aka ɗora ma kaya da yawa. Tukunyar gas mai yoyo.

Aikin wa ne tsaro?

Aikin mai wuri ne: mai shago, sarkin kasuwa, darektan lakkol. Kowane ya zagaya wurinsa, ya tambayi kansa abu 3:

1. Me zai iya tada wuta a nan?
2. Me wutar za ta ci?
3. Ta ina mutane za su fita, har yara da tsofaffi da guragu?

In ya ga haɗari, ya gyara shi ran nan.

Abin da za a yi

A raba masu tuya da masu isansi. A bar hanya tsakanin rumfuna. Kada a kulle ƙofa da mutane ciki. A aje bokitin rairai da tulun ruwa kusa. Kafin a tashi kasuwa, a kashe kowace wuta.

In wuta ta kama

A yi kururuwa, a fidda mutane tukuna, kaya daga baya. A kira masu kashe gobara a lamba 18. Wutar isansi ko ta mai, ba a zuba mata ruwa, sai rairai. Wutar kuran, a yanke kuran tukuna. Wanda tufafinsa suka kama, kada ya gudu: ya kwanta ya yi birgima.

Riga-kafi ya fi magani.

Tambaya: a kasuwar garin, ina ne wuta za ta fi saurin tashi?