Wa Ya Zuba Ruwa Cikin Tankin Iska?

Da hutun damina na je gida Kabo. Wata rana na tsaya a bakin hanyar Kano zuwa Gwarzo wurin wani mai faci, ina jira ya gyara mini tayar keke. Sai na ga ya durƙusa ya murɗa wani ɗan famfo a gindin tankin injinsa na hura taya, wanda su ke kira kwamfaresa. Sai ga ruwa ja, mai maiƙo, yana tsartuwa har ya jiƙa ƙasa. Yaronsa ya ce, "Maigida, wa ya zuba ruwa a ciki?" Ya ce, "Oho, ni dai haka na ke tarad da shi." Tun ran nan na ƙudura in mai da tambayar yaron nan darasi, gama ta fi yawancin tambayoyin da mu ke rubuta wa yara a allo.

To, ba wanda ya zuba. Iska ce ta shigo da abinta. Kowace iska tana ɗauke da laima wadda ido ba ya gani, amma tana da iyakar abin da za ta iya riƙewa, iyakar nan kuwa zafi ne ke yanka ta. Mu ɗauki akwati mai tsawon mita 1, faɗi mita 1, zurfi mita 1. Kadan zafi ya kai digiri 30, iskar da ke cikinsa ba ta riƙe fiye da giram 30 na ruwa. A digiri 20 kuwa, giram 17 kaɗai.

A shekarar 1662 wani masani a Ingila, Robert Boyle, ya nuna cewa in aka matse iska ta koma rabin wurinta, ƙarfin turinta sai ya ninka, muddin zafinta bai sake ba. Injin da ke tara iska har ma'auninsa ya nuna laba 100 a kan kowane inci murabba'i, watau ya cusa kusan mudu takwas na iska a wurin mudu guda ke nan. Yanzu sai lissafi. A ce ranar damina ce, kowane akwatin iska yana ɗauke da giram 24. Akwati 8 sun zama giram 192, duk an cusa su cikin akwati guda. Matsi yana kawo zafi, kowa ya taɓa famfon keke bayan ya sha aiki ya san haka, saboda haka da fari ruwan ba ya bayyana. Amma da iskar ta huce cikin tanki ta komo digiri 30, giram 30 kaɗai za ta riƙe. Sauran 162 fa? Sai su kwanta a gindin tanki, kusan cikin kofin shayi ke nan. Inji kuwa yini ya ke yana zuƙa. Zugazugin maƙeri bai san wannan wahala ba, domin tura iska ya ke yi kawai, ba ya tara ta.

Ɓarnar ruwan nan ita ce abin tsoro. Tsatsa tana cin tanki daga ciki, alhali fentinsa na waje yana ƙyalli, har ƙarfen ya yi sirara, ran nan ya fashe a tsakiyar mutane. Manyan motocin da ke wuce Kabo da kaya, birkinsu da iska ya ke aiki, dabarar da George Westinghouse na Amurka ya fito da ita domin jirgin ƙasa a 1869. In ruwa da mai suka taru cikin tankunan birki, sai su cinye wurin iska, su lalata 'yan ƙofofin da ke buɗe mata hanya. Don haka a ke horon direba ya zubad da ruwan tankunansa kowace rana. Mai fesa wa mota fenti shi ma ya san ruwan nan, shi ne ke sa fenti ya yi ƙuraje.

Da rani ruwa ya kan ragu, sai ƙura ta karɓe shi. Hazon hunturu, wanda yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ya ke tasowa, shi ma ninki takwas ya ke taruwa. Ƙura tana goge ƙarfen cikin inji kamar yashi, in kuwa ya goge, sai man da ke sa shi santsi ya sami hanya ya bi iska. Ashe ƙazanta guda ita ke buɗe wa 'yar'uwarta ƙofa. Na sha ganin mataci ya toshe, maimakon a wanke ko a sake, sai a cire shi a yar domin inji ya yi sauri. A ganina wannan sayad da inji ne a kan kuɗin mataci. Bakin zuƙar iska ya kamata ya kasance sama da ƙasa, cikin inuwa, nesa da hayaƙin mota.

A masana'antu irin na Bompai da Sharaɗa da Calawa a Kano, inda iska ke iya taɓa abinci ko abin sha ko magani, zubad da ruwan tanki bai isa ba. Akwai na'ura mai sanyaya iska har digiri 3, inda ba ta riƙe fiye da giram 6, a tsiyaye ruwan tun bai shiga bututu ba. Sa'an nan a bi da ita ta matatai, har da na gawayi mai kama warin mai. Tun 1991 akwai ƙa'idar duniya mai suna ISO 8573, wadda ta kasa tsabtar iskar inji daraja daraja bisa abu uku: ƙura, da ruwa, da mai.

Wanda zai koyad da darasin nan, kada ya fara da Boyle. Ya sa ƙanƙara cikin gwangwani ya ajiye a gaban aji, ya bar yara su ga bayansa yana gumi, ya tambaye su inda ruwan ya fito. Sa'an nan ya ba su lissafin akwati takwas su yi da kansu. In ya kai su wurin mai faci, ya nemi izini tukuna, ya tsai da su a gefe sa'ad da za a buɗe famfon, kuma ya hana kowa kakkaɓe riga ko tsokanar ɗan'uwansa da tiyon iska, gama tana iya fasa ido ko dodon kunne.