Amsoshin Tambayoyinku: Wane baƙin mai zan zuba wa motata?

Wani mai sauraronmu daga Dutsin-Ma, da ke jigilar tumatir daga gonakin rani na madatsar ruwan Zobe, ya ce ya sayi Toyota Corolla ƙirar 2006, bakanike kuma ya ce a zuba mata 20W-50 saboda zafin ƙasarmu. Shin daidai ne?

To Malam, kar ka yi gaggawa. Lambobin nan kaurin mai suke nunawa. Ta farko mai harafin W tana nufin yadda man ke gudana da sanyin asuba, kamar lokacin hunturu. Ta biyu kuwa kaurinsa bayan inji ya ɗau zafi. 20W-50 mai kauri ne, ya dace da tsoffin injuna irin na Fijo 504. Injin Corolla ɗinka ƙofofinsa matsattsu ne, 5W-30 kamfanin ya tsara masa. Mai kauri kan yi jinkirin hawa sama idan ka tayar da safe, ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe. Duba murfin da ake zuba man, galibi lambar tana jiki.

A galan ɗin man kuma nemi tambarin API: harafin S na fetur ne, C na dizal. Man awo na kwalba a bakin titi, wanda ba ka san asalinsa ba, ni dai ban ba ka shawara ba.

Tunda kana bin hanyar ƙura da kaya niƙi-niƙi, kar ka wuce kilomita 5,000 ba ka yi juye ba, ka canza matatar mai tare.