Famfon Tafkin Ninƙaya: Yadda Ake Gano Cutarsa da Yadda Ake Magance Ta

Gabatarwa

A darasin ilimin halittu mun san cewa jini ba ya amfanar jiki sai yana kewayawa. Zuciya ce ke tura shi, jijiyoyi su ɗauke shi, ƙoda kuma ta tace shi. Tafkin ninƙaya, wato babban kwamin da ake ginawa a gida don yin iyo, shi ma haka tsarinsa yake. Famfo shi ne zuciyarsa, bututai su ne jijiyoyi, matatar yashi kuwa ita ce ƙoda. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna wa ɗalibai cewa hanyar da likita ke bi ya gano cuta, wato dubawa da saurare da taɓawa da aunawa, ita ce mai gyara ke bi ya gano abin da ke damun famfo.

Me ke faruwa idan famfo ya tsaya?

Ruwan tafki yana zama lafiyayye ne idan akwai sinadarin kulorin kimanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, ma'aunin tsaminsa, wato pH, kuma yana tsakanin 7.2 da 7.8. Famfo ne ke gauraya wannan sinadari ya kai shi kowane lungu. Da zarar ya tsaya, hasken rana yana cinye kulorin ɗin, sai ƙananan halittu su samu sarari. A ɗakin gwaje-gwaje wasu bakteriya kan rabu biyu kowane minti 20, ta yadda ƙwaya ɗaya za ta haura miliyan 2 cikin awa 7. Cikin 'yan kwanaki gansakuka za ta mayar da ruwan kore. Bakteriyar da ake kira Pseudomonas aeruginosa tana kawo ciwon kunne da ƙuraje ga masu iyo. Sauro kuwa kwana 7 zuwa 14 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama babba a lokacin zafi. A shekarar 2007, a birnin Bakersfield na jihar Kalifoniya ta Amurka, masu bincike sun danganta ƙaruwar zazzaɓin West Nile, wanda sauro ke yaɗawa, da tafkunan gidajen da masu su suka bari saboda sun kasa biyan bashi. Ke nan gyaran famfo batu ne na lafiyar unguwa baki ɗaya.

Yadda famfon ke aiki

A cikin famfon akwai farfela da injin lantarki ke juyawa kimanin sau 2,850 a minti ɗaya a irin wutar Nijeriya da Nijar. Ruwa yana shiga ta tsakiyar farfelar, ita kuma ta watsa shi gefe da ƙarfi, kamar yadda ruwa ke fantsama daga tayar keke a ranar damina. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ya ƙera irin wannan famfo a ƙarshen ƙarni na 17, sannan a 1851 John Appold ya nuna a Landan cewa farfela mai lanƙwasassun fukafukai ta fi aiki nesa ba kusa ba.

Abin lura shi ne, idan farfela ta watsa ruwa, matsi yana raguwa a tsakiyarta, sai nauyin iskar sararin sama da ke danne fuskar tafkin ya turo wani ruwan ya cike gurbin. Torricelli na Italiya ne ya bayyana wannan nauyi na iska a 1643. Amma farfela ba ta iya watsa iska yadda take watsa ruwa, domin ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Saboda haka idan iska ta cika famfo, zai yi ta juyawa a banza. Manoman fadama sun san wannan sarai, shi ya sa suke ɗura wa injin ban ruwa ruwa kafin su tayar da shi. Tsarin injinan biyu ɗaya ne.

Ga ɗan lissafi. Tafki mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita 1.5 yana cin lita 48,000. Idan ana so a tace ruwan duka cikin awa 8, wajibi ne famfo ya tura lita 6,000 a awa, wato lita 100 a minti.

Mataki na farko: dubawa

Gaban famfo akwai tukunya mai murfi garai-garai, a cikinta kuma akwai kwandon tare shara. Idan ka leƙa ka ga kumfa, ko ka ga ruwa bai cika tukunyar ba, to iska na shiga ta ɓangaren da ruwa ke shigowa. Dalilan da suka fi yawa su ne: ruwan tafki ya ragu har bakin bututu ya fito fili, ko zoben robar murfin ya bushe ya tsage, ko wata mahaɗar bututu ta saki. Don gano wurin, a riƙa zuba ruwa a hankali kan kowace mahaɗa famfo yana aiki. Inda kumfar ta ɗauke, nan ne kafar take. A wanke zoben, a shafa masa man silikon. Kada a shafa basilin, domin yana lalata roba.

Idan kuwa ruwa na ɗiga a ƙarƙashin famfo, daidai inda ya haɗu da injin lantarki, to abin da ke toshe kewayen sandar farfela ne ya lalace, wanda makanikai ke kira sil. Yana da fuska biyu masu gogar juna, ɗaya ta tangaran ɗaya ta gawayi, kuma ruwa ne ke sanyaya su. Barin famfo ya yi aiki ba ruwa na 'yan mintoci ya isa ya ƙona su. Ba a gyara sil, sauya shi ake yi.

Mataki na biyu: saurare

Kowace cuta da irin kukanta. Idan injin yana gurnani amma bai juya ba, ko dai wani abu ya maƙale a farfela, ko kuma kafasita, wadda ke ba shi ƙarfin tashi, ta mutu. A kashe wuta a juya sandar da hannu. Idan ta juya sumul, a tuhumi kafasita. Ƙara mai tsini kamar ana wasa wuƙa alama ce ta boris ya ci, kuma sau da yawa ruwan da ya ɗiga daga lalataccen sil ne ya wanke masa giris. Idan aka ji kamar tsakuwa na karo a ciki, to famfon yunwar ruwa yake ji. Matsi ya faɗi ƙwarai har ruwa yana zama tururi ba tare da zafi ba, ƙananan kumfar tururin kuma suna fashewa a jikin farfela suna cin ta. Maganin shi ne a buɗe hanyar ruwa: a zubar da sharar kwando, a tabbata kowane bawul a buɗe yake.

Mataki na uku: taɓawa da aunawa

Injin da ke aiki na ɗan lokaci ya mutu, sannan ya tashi da kansa bayan ya huce, zafi ne ya yi masa yawa. A duba ko ƙura ta toshe kafofin shan iskarsa, ko kuma wuta ta yi rauni, domin raunin wuta yana sa kwayil ya yi zafi har ya ƙone.

A kan matata akwai agogon auna matsi. A rubuta abin da ya nuna ranar da matatar take da tsabta. Idan ya haura wannan da maki 8 zuwa 10 a ma'aunin psi, to datti ya cika yashin, sai a mayar da ruwa ta baya a wanke shi. A lokacin hunturu, da ƙura ke sauka dare da rana, za a yi haka a kai a kai. Idan kuwa matsin ya faɗi, toshewar tana gaban famfo ne ko cikin farfela. Ƙa'idar ita ce: matsi ya hau, a duba bayan famfo, matsi ya sauka, a duba gabansa.

Gargaɗi

Ruwa da lantarki ba sa ga maciji. A kashe wuta daga babban makunni kafin a taɓa komai, a kuma sani cewa kafasita tana riƙe wuta ko bayan an kashe. Aikin waya na ƙwararre ne. Haka nan kada a bar kowa ya shiga tafkin da murfin magudanar ƙasansa ya fashe. A 2002 wata yarinya 'yar shekara 7, Virginia Graeme Baker, ta rasu a Amurka bayan ƙarfin jan famfo ya manne ta a bakin magudana. Wannan ya sa a 2007 aka kafa dokar ingancin murafan magudana mai ɗauke da sunanta.

Kammalawa

Mai gyaran kirki ba ya fara da kwance inji. Yana farawa da abu mafi sauƙi da araha: yawan ruwa, kwando, zoben roba, bawul, sannan kafasita da sil da boris. Ga malamai, ga gwajin da za a iya yi a aji. A ba ɗalibi tsinken shan lemo ya zuƙi ruwa daga kofi. Sannan a huda tsinken da allura a sama da fuskar ruwan, ya sake zuƙa. A tambayi ɗalibai me ya sa ruwan ya ragu, kuma wane ɓangare na famfo ne wannan 'yar kafa take wakilta.